Rawayar Riga a Jikin Baƙar Mota

Martina Franca, 9 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga Kawu Ermete,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Inna Dirce. Yaya gwiwar tata? Mu nan lafiya lau, sai Mama da ke fama da hawan jini, ta kuma ƙi yarda gishiri ne. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, don rabonmu tun jana'izar Kaka Titina, yayar mahaifiyarka. Ni ce Cosima ta wajen Rosaria, mai ɗaukar hoton biki, wadda ta zubar maka da kofi a wando ranar zaman makoki.

Kawu, godiya na zo yi, ban ma san ta ina zan fara ba. Ranar Talata Injiniya Malagoli ya bugo mini waya da kansa. Ya ga hoton da na ɗauka a bikin 'yar ƙanwarsa, inda amarya ke fitowa daga tsohuwar mota a ƙofar coci, wai yana so bana ni zan yi kalandar garejinsa. Motoci shida zai turo a kan tirela cikin Yuli, hoto biyu-biyu, a jikin fararen bangayen garinmu. Ya ce, "An gaya mini ke jinin Baraldi ce, to abin bai bar gida ba." Da na ji sunanka, nan take na gane hannunka ne. Shekara goma sha tara kana yin kalandar nan, mahaifiyarka tana aiko wa Kaka ɗaya duk Kirsimeti, ni kuma ina hawa kujera a kicin ina kallo har wuyana ya ƙage. Yau ka ɗauka ka miƙo mini, ko uffan ba ka ce ba. Na yi kuka, Mama ta taya ni.

Yanzu ga damuwata. Kayana na biki ne, ƙaramar kyamara da fitila ɗaya. Na sayar da babur ɗina, kuma sau ɗaya tak zan iya saye, ba ni da halin yin kuskure. Mai shagon kyamarori na birnin Bari so yake ya ɗora mini duk abin da ya yi ƙura a kantarsa. Don Allah Kawu, rubuto mini abin da zan saya da yadda zan yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar kana koya wa wawiya. Duk abin da ka ce shi zan bi.

Ga taralli, biskit irin na garinmu, na sako, Mama ce ta gasa.

'Yarka,
Cosima

Modena, 2 ga Mayu, 1988

Cosima,

Saƙonki ya iso, taralli sun zo a farfashe amma an cinye. Dirce tana nan da gwiwarta, ni ina nan da tarina. Ki gaida Rosaria, ki ce mata gishiri ne.

Zancen godiya ki ajiye shi. Ban yi komai ba, kuma abin da na rubuta shi nake nufi.

Tunda kin tambaya, ga amsa. Ƙaramar kyamarar nan ki bar wa amare. Shafin kalanda ya kai faɗin taga, saboda haka ki sayi babba, mai cin fim mai faɗi, ko tsohuwa ce, in dai ba ta taɓa faɗuwa ba. Ki buɗe bayanta a shagon ki sansana. In kin ji warin danshi ki ajiye masa abarsa. Gilashin gaba guda ɗaya ya ishe ki, amma dogo, mai jawo nesa. Mai shago zai nuna miki gajere mai kwaso duniya duka, zai ce shi ake yayi. Kada ki saurare shi, kumbura wa mota hanci yake yi. Da dogon za ki ja baya taku ashirin, ki sauke kyamara daidai tsayin fitilar mota, sai motar ta fito yadda wanda ya ƙera ta ya nufa.

Ƙafa-uku na ɗora kyamara ki sayi mai nauyi, wadda za ki tsine mata duk lokacin da kika ɗaga ta. Mara nauyi tana rawa ko da keke ne ya wuce. Ki haɗa da igiyar latsawa don kada yatsanki ya taɓa kyamara, da ma'aunin haske na hannu, da baƙin gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba ana juyawa har ƙyallin fenti ya kwanta. Fitila kuwa ko kyauta aka ba ki ki bar ta a gida. Ki yi aiki da sassafe ko rana ta yi sanyi. Ki karkata tayoyin gaba. Ki goge ƙura da kanki, direbobin tirela ba su da ido. Fim kada ki ba kowa ya wanke a can wajenku Kudu, ki aiko wa tsoho Gozzi a nan Modena.

Kuma ki sani mota ba amarya ba ce. Ba ta murmushi, ba ta gyara tsayuwa don kin ce mata ta yi kyau. Mu a nan mutum yana shekara biyar yana ɗaukar wa wani ƙafa-uku kafin a bar shi ya leƙa kyamara. Amma zamani ya canza, yanzu hoto ɗaya a ƙofar coci ya isa. Ni dai shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, babu mahalukin da ya taɓa ganin ko inuwata a cikin hotona.

Na faɗa miki abin da kika tambaya.

Ermete Baraldi

Martina Franca, 20 ga Yuni, 1988

Kawuna,

Ina gaisuwa, da fatan tarin ya yi sauƙi. Mama ta ce ka sha zuma da lemon tsami, ta kuma ce kai ma gishiri ne.

"Ban yi komai ba." Haba Kawu! Mama ta ce haka mahaifiyarka take, ta yi wa mutum alheri sannan ta harare shi in ya yi godiya.

Na sayo komai, layi bayan layi. Na sansana kyamara uku a gaban mai shago har ya tambaye ni ko cuku na zo saye. Ya kawo gajeren gilashin kamar yadda ka ce, na ce masa kawuna na Modena ya hana. Ƙafa-ukun kuwa na tsine mata tun a tashar jirgi. Kullum da safe ina gwaji da motar mai burodi, ya fara jin kansa.

Motoci za su iso ranar goma ga Yuli. Na riga na wanke rawayar rigata ta aiki, wadda nake sawa a kowane biki don jama'a su san inda za su kalla. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, ita zan sa kwana goman nan ko da za ta tsaya da ƙafarta don dauɗa. In akwai abin da ka manta, rubuto da sauri, wasiƙa tana cin mako guda a hanya.

Cosima

Martina Franca, 24 ga Yuli, 1988

Kawu Ermete,

Gaisuwa gare ka da Inna Dirce. Ban ji daga gare ka ba, na ɗauka babu abin da ya saura ke nan.

An gama! Jiya tirela ta kwashe mota ta ƙarshe, biyu ma har sun kama hanyar komawa wurin masu su a Jamus. Kawu, baƙar nan mai ƙofa biyu, da aka sauke ta a bakin coci sai da tsofaffin da ke zaune a dandali suka miƙe tsaye. Na ɗauki jar motar a lungun masu wanki, ƙarfe shida na safe, inuwar zannuwa tana sauka a kan bango. Ban sani ba ko daidai ne, amma gabana ya faɗi da na leƙa.

Na aika wa Gozzi fim ashirin da biyu. Ban ga ko ɗaya ba, barci ma ya ƙaurace mini. Ka taimake ni da abu na ƙarshe: ka karɓo su kafin ya rufe shago hutun Agusta, ka zaɓi goma sha biyu da idonka, ka kai wa Injiniya. Ya ce lallai su shiga hannun masu bugawa kafin ƙarshen Satumba. Ba ni da wanda na yarda da shi a Modena sai kai.

'Yarka mai rawar jiki,
Cosima

Martina Franca, 6 ga Satumba, 1988

Kawu,

Ina fatan kana lafiya, don in ba ka da lafiya sai in ji kunyar abin da zan rubuta.

Mako shida ke nan. Na buga waya gidanka sau huɗu, Inna Dirce tana ce mini kana sama kana aiki, ba ka son a dame ka. Na ce wa kaina Agusta ce, kowa ya tafi bakin teku. Jiya Injiniya Malagoli ya bugo yana tambayar ina hotunansa. Na ce suna hannun kawuna, wanda ya ba shi sunana. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "'Yata, Baraldi bai ba ni sunanki ba. Cikin Afrilu ya zo nan da wata wasiƙa a hannu, ya yi mini ihu a gaban ma'aikata har mai fenti ya ajiye aiki ya fito kallo."

Wasiƙata ce, ko ba ita ba? Ashe daga bakina ka ji an karɓe maka aiki, ni kuma ina ta zuba godiya kamar sakarai. Na koma na karanta taka sau goma. Ka rubuta ba ka yi komai ba, ni ce na ƙi ji. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma hotunan nawa ne. Ban roƙi aikin nan ba, ban kai sunanka ko'ina ba, kuma ba ni na gaji da kai ba. In kana da faɗa da Injiniya ka yi da shi. Na san abin da ke ranka: Satumba ta ƙare babu hoto, a ce 'yar Kudu ta kasa, a dawo ana lallashinka ka fito da tsofaffi daga akwati. Ko kuwa ka riga ka zaɓi munanan ka ajiye masa? Na sayar da babur ɗina, Kawu. A ƙafa nake zuwa biki da jaka biyu.

Ranar ashirin ga wata zan hau jirgin ƙasa in zo in karɓi kayana. Ba sai Inna Dirce ta dafa komai ba.

Cosima Carrieri

Modena, 13 ga Satumba, 1988

Cosima,

Lafiyata ƙalau, saboda haka ba sai kin ji kunya ba. Ki ajiye kuɗin jirginki. Hotuna sun shiga hannun Malagoli jiya da safe. Yanzu ki zauna ki karanta, don abin da na yi ya fi wanda kike zargi muni.

Gaskiya ne na je na yi ihu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ermete, hotunanka babu kuskure ko ɗaya, amma kullum motar kamar tana jiran likita." Shekara goma sha tara! Na dawo gida na rubuta miki wasiƙar Mayun nan, kuma duk abin da ke ciki gaskiya ne. Abu ɗaya na cire. Jikin mota madubi ne. Baƙin gilashin da na sa ki saya yana kwantar da ƙyallin fenti, amma ba ya komai a kan farin ƙarfe, ba ya kuma ɓoye mutumin da ya tsaya daidai ƙofa. Shi ya sa duk mai ɗaukar mota a garin nan baƙi yake sawa daga hula har takalmi, ya lulluɓe ƙafa-uku da baƙin ƙyalle. Wannan shi ne abin da ake fara koya wa mutum ranar farko. Da kika rubuto zancen rawayar riga, na ɗauki alƙalami sau biyu na ajiye. Akwai lokaci, da ta iso miki. Ban manta ba, na ƙi ne.

Na karɓo hotunan daga Gozzi ranar ashirin da tara ga Yuli, na shimfiɗa a teburin haske ina addu'ar su lalace. Ba su lalace ba. Jar motar nan a lungun masu wanki, na tsaya a kanta har ƙafata ta yi sanyi. Na yi shekara talatin da ɗaya ban taɓa tunanin barin inuwar zani ta faɗo kusa da mota ba, da ni ne sai na sa an kwashe wankin. Na ji baƙin ciki irin wanda ke sa bakin mutum ɗaci. Sai na ɗauko gilashin ƙara girma, na fara nemanki. Ga ki nan. A murfin taya, a bamba, a gefen fitila, ɗigon rawaya a duk goma sha biyun, kuma motoci sun riga sun watse.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi murna. Na sauko na ci taliyar tortellini faranti biyu, har Dirce ta ce, "Wa ya mutu kake wannan ci?" Na koma sama don in ƙara kallo in ji daɗi. A ƙofar baƙar motar kin fito sosai, tsawon ƙwayar shinkafa, kin sunkuya a kan kyamara. A ƙafa ɗaya ta ƙafa-ukun akwai wata shuɗiyar takarda ɗaure da zare. A duk danginmu ni kaɗai ke rubutu a shuɗiyar takarda. Na duba sauran, tana nan a kowanne. Kwana goma kina yawo da wasiƙata kina bin ta layi-layi.

Na kira Dirce ta leƙa. Ta ɗago ta dube ni, ba ta sake yi mini magana ba sai bayan kwana uku.

Na je har ƙauyensu Gozzi na fito da shi daga hutu, matarsa tana zagina ta taga. Ya buɗe shago ya yi mini manyan kwafi. Daga nan sai buroshi mai gashi uku da ruwan launi, ɗigo bayan ɗigo, mako biyar, abin da yaran yanzu ba su iya ba. Shi ne aikin da Dirce ke ce miki ina yi a sama. Tun Afrilu ba abin da nake so irin in goge ki, to Allah ya ba ni, na goge ki sau goma sha ɗaya, idona na dama har yanzu ruwa yake yi.

Na goma sha biyun ya gagare ni. Kin faɗo daidai inda ƙofar baƙar motar ta lanƙwasa, in na taɓa sai layin ya mutu. Na kai wa Malagoli haka, na miƙa masa gilashi, na ce ga 'yata nan, laifin nawa ne, na faɗa masa dalili. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a bar ki, shafin Nuwamba ne, wata ne mai duhu. Ya ce a sa sunayenmu biyu a ƙasa. Na ce in ya sa nawa zan dawo in yi ihun da ya fi na Afrilu.

Na sako miki baƙar rigata ta aiki a wani ƙunshi daban, da ƙyallen ƙafa-uku. Kada ki ɗauka na huce. Har yanzu in na tuna lungun masu wanki sai in ji abinci ya fita raina.

Ermete

Martina Franca, 11 ga Disamba, 1988

Kawu Ermete,

Gaisuwa. Yaya idon? Ka gaida Inna Dirce da kyau, ka ce mata kwana uku sun yi kaɗan.

Na yi wata uku ban amsa ba don in na fara sai hannuna ya rubuta zagi. Mama ma ta hana a ambaci sunanka a kan tebur. Jiya kalanda ta iso. Na buɗe shafi-shafi ina neman inda ka taɓa, da gilashi, a bakin taga. Ban samu ba, ko wuri ɗaya. Wannan ya ƙara ba ni haushi, don na san ko zan shekara ashirin hannuna ba zai yi haka ba. A ƙasa an rubuta C. Carrieri, ƙanana, amma Mama ta gani ba tabarau. Ta rataye ta a shafin Nuwamba tun yanzu, duk wanda ya shigo sai ta ja shi ta nuna masa ƙwayar shinkafa.

Ban ce na yafe ba tukuna. Amma akwai abin da nake riƙe da shi tun ranar da na karanta cewa babu mahalukin da ya taɓa ganin inuwarka. Na yi shiru ne a lokacin don girmamawa. Yanzu ba na jin nauyinka kamar da.

Kalandar 1974, watan Maris, koriyar mota mai buɗaɗɗen sama. Ka dubi bayan madubin gefe, farin ƙarfen nan mai kama da rabin ƙwai. Akwai mutum cikin baƙin kaya, ya cire hula yana share gumi, sanƙonsa yana ƙyalli. Ina da shekara goma sha biyu na gano shi, a kan kujera. Na yi ihu, Kaka ta zo da gudu da ludayi a hannu, ta leƙa ta ce, "Ɗan ƙanwata Immacolata ne! Ashe mutum ne ke yin abin nan." Duk shafukan shekarar ta kunna murhu da su, ban da wannan. Yana nan a akwatina. Ranar na fara cewa hoto zan ɗauka in na girma.

Injiniya ya ce baɗi motoci takwas ne. Kafin in sayi ko igiya, ka rubuto mini sauran abin da ka ƙi faɗa. Rigarka ta kai mini har idon sawu, hannuwan sun wuce yatsuna, gobe zan kai wa tela ya rage.

Cosima

Modena, 27 ga Disamba, 1988

Cosima,

Idon da sauƙi. Barka da Kirsimeti.

Na hau sama na fito da 1974. Ni ne. Shekara goma sha huɗu ina cika baki a garin nan, 'yar kan kujera tana kallon sanƙona. Dirce ta yi dariya har ta manta da sandarta. In wannan magana ta iso kunnen Gozzi, na san daga ina ta fito.

Sauran abin da ban faɗa ba ba ya shiga wasiƙa. Ki tambayi Malagoli ranar da tirela za ta taso, zan biyo ta. Ni zan ɗauki ƙafa-uku, ke ki leƙa, kuma zan yi ta ƙorafi daga safe har yamma.

Rigar kada tela ya taɓa ta. Ki naɗe hannun.

Kawunki,
Ermete